Ƙofar Motar Burodi a Akurkin Goggo Dija

Samarin da ke zuwa filina na sayar da motoci a kan hanyar Bauchi maganarsu ɗaya ce: "Alhaji, a koya mana harkar mota." In na tambayi abin da suka sani a kanta, sai wani ya ɗaga waya ya ce ai hoto ake ɗauka a watsa, mai saye ya kira, a ci riba. Nakan nuna masa benci in ce ya zauna. Sayar da mota shi ne ƙaramin aiki a dillanci. Babban aikin yana farawa ne ranar da wanda ka sayar wa ya dawo da makulli a hannu, fuska a murtuke.

Motar farko da aka ce in duba wata shuɗiya ce 'yar Kwatano, a gidan maigidana Alhaji Manu a Shamaki. Lokacin na daɗe a wurinsa ba abin da nake yi sai wanki da goge taya. Na zagaya ta, na buɗe gaba na leƙa injin, na dawo na ce, "Baba, lafiyarta ƙalau." Maigida ya tashi. Ya zaro wani mayen ƙarfe da ya cire daga tsohuwar sifika, ya naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti, ya ce in bi jikin motar da shi a hankali. A gaba ya kama, a ƙofar direba ya kama. Ina isa ƙofar baya ya faɗo mini a kan yatsan ƙafa. Wurin ba ƙarfe ba ne, fila ce, wato ƙullun da masu gyara ke cike lotsawa da shi kafin su fesa fenti. Maigida ya ce, "Ɗauka, naka ne. Ka riƙa tambayarsa kafin ka tambayi mai mota."

Kayan aikina har yau ba su wuce aljihu biyu ba. Mayen ƙarfen nan, da farin ƙyalle da nake karawa a bakin salansa in ga irin hayaƙin da injin ke fitarwa, da ƙaramar tocila, da kwalin da nake shimfiɗawa in shiga ƙarƙashin mota. Dillalin da ke tsoron ɓata babbar rigarsa zai sayi ruɓaɓɓiyar mota da farashin sabuwa. Sauran kuma kunne ne. Ana tayar da injin da safe kafin ya yi zafi, ka yi shiru, ka hana mai motar surutu, don yawanci daidai lokacin da injin zai faɗi gaskiya ne yake fara ba ka labarin ƙaninsa da ke Turai.

Masu saye ma sai ka koye su kamar injin. Ma'aikacin gwamnati yakan zo da abokai cike da mota, kowanne ya fi bakanike sani, a ƙarshe matarsa ce za ta zaɓi launi ta waya. Bafulatani mai shanu ba ya magana. Zai zagaya motar hannu a baya, ya tsuguna ya dubi ƙafafunta kamar yana tayin bijimi, ya tafi, ka ɗauka ya fasa, sai ga shi ranar kasuwa da kuɗinsa a ɗaure. Mata kuwa tambayarsu ta farko ita ce shan mai, kuma su ne masu gaskiya.

Akwai shekarar da ba na mantawa, wadda darajar kuɗinmu ta zube har ya zama in ka sayar da mota yau, abin da ka karɓa ba zai sayo irinta gobe a Kwatano ba. Filaye da yawa a layinmu suka koma wurin wankin mota da sayar da bulo. Ni abin da ya riƙe ni tsofaffin masu saye ne: wannan ya zo canji, wancan ya turo surukinsa, wani ya kawo tasa in sayar masa in ɗauki la'ada. A cikin wannan shekarar ce maganar motar Mama Ifeoma ta taso.

Mama Ifeoma tana da gidan burodi a unguwar Herwagana. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Gombe aka haife ta, kuma in ta buɗe baki da Hausa sai ka gyara taka. Shekaru tana raba burodi a kan babura da keke mai ƙafa uku, tana tara kuɗi, har ta zo ta sayi wata farar bas a wurina muka cire kujerun baya aka jera katakai. Ranar da za ta ɗauka na ce ta yi cikakkiyar inshora, ba 'yar takardar nan da ake saye don nuna wa 'yan sanda kawai ba.

Ta dafe ƙirji. "Alhaji, ka san buhun fulawa nawa kake cewa in ba mutanen da ban taɓa gani ba?"

Na ce, "Madam, motar nan kullum tana kan titi tun asuba, tare da tifofi. Ranar da aka buge ta, wa zai gyara?"

"Allah zai kiyaye."

"Amin. Amma ki yi."

Ta yi. Abokan sana'ata suka yi ta mini tsiya, wai na sa baiwar Allah ta yi sadaka da kuɗinta, wai kamfanin inshora karɓa kawai ya iya.

Ina kan hanyar dawowa daga Kwatano aka buge motar. Wata tifa mai yashi birki ya ƙwace mata a gangaren da ke shiga Dawaki, ta goga wa bas ɗin ta gefen dama. Ƙofar gaba ta lotse kamar gwangwanin madara, bamba ya yage, fitila ta fashe, madubi ya rataya. Ba wanda ya ji ciwo, burodi ne kawai ya watse a titi. Mama Ifeoma ta yi komai daidai. 'Yan sandan hanya suka zo suka auna suka rubuta, ta kira kamfanin a ranar, aka ce kada a taɓa motar, za a turo mai dubawa. Aka ja ta zuwa garejin Bappa Jalo don a ajiye.

To, a nan ne abin ya karkace. Bappa Jalo fanalbita ne, mai bugun jikin mota, dattijo, kuma a garin nan ban san hannun da ya kai nasa ba. Amma yana da ciwo guda: ba ya iya kwana da lotsattsiyar mota a gabansa. Ga Kirsimeti ta ƙarato, yana ganin Mama Ifeoma ta koma ɗora burodi a kan babura. Ga shi kuma lokacin auren 'yarsa, ita Mama Ifeoma ta aika masa da burodi cike da kwanduna ta ƙi karɓar ko kwabo, yana ta neman ranar ramawa. Sai kawai ya tafi kasuwa wurin wani ɗan garin iyayenta mai sayar da kayan mota, ya karɓi ƙofa da bamba da fitila da madubi bashi da sunanta. Shi kuma ya ba shi, yana zaton da saninta. Bappa ya rufe gareji ya hana kowa faɗa mata. Cikin 'yan kwanaki ya tuƙo motar har ƙofar gidan burodi yana ta danna oda, fes kamar yau aka sauke ta daga jirgi. An ce Mama Ifeoma ta fito da fulawa a hannu ta yi rawa a tsakiyar titi, maƙwabta na guɗa. Ba wanda ya tuna da mai dubawa.

Da mai dubawar ya iso, sai ya tarar da mota tana ƙyalli, an loda mata burodi. Ya zagaya ta, ya rubuta abin da ya gani, ya tafi. Hotunan da aka ɗauka a wurin haɗarin kuma ba su taimaka ba, don duk wanda ka duba, ƙeyar jama'a ce ta cika shi, motar sai rufinta. Bayan sabuwar shekara takarda ta zo: kamfani ba zai biya ba, saboda an gyara motar kafin a duba ta, ba su ga ɓarnar da idonsu ba.

Mama Ifeoma ta zo filina da hantsi, ta ajiye takardar a kan teburina, ta ɗora makulli a kai.

"Alhaji, sayi motarka."

Na ce, "Madam, zauna mana."

"Ba zama na zo yi ba. Mai kayan mota yana jiran kuɗinsa, shi ma shekarar ta taɓa shi. Fulawa ta tashi. In na taɓa jarin burodi, tanda za ta mutu. Ka saya in sallame shi, in koma babura. Ai na saba."

Zan faɗa muku gaskiya, don dillanci ba wa'azi ba ne. Ranar ina da mai saye a hannu, wani Alhaji Sale daga Kumo da ya daɗe yana neman irin wannan bas ɗin. Da a ce na karɓi makullin, da kafin la'asar na ci ribar da rabona da irinta tun farkon shekarar da ta wuce. Amma na yi lissafina. Ni na ce ta yi inshorar nan, Herwagana kaf sun sani. In motar ta fita daga hannunta ta biyo ta filina, ba wanda zai sake sayen ko taya a wurina daga unguwar nan har 'ya'yansu. Matar da ta sayi bas ɗaya da burodi kuwa, in ka bar ta da ita, za ta dawo sayen ta biyu. Na tura mata makullin na riƙe takardar.

Kafin a jima masu shawara sun cika rumfa. Wani ya ce mu kwashi ma'aikatan gidan burodi mu je ofishin mu tara musu jama'a. Wani ya ce yana da kawu babban mutum, waya ɗaya zai buga. Wani ya ce lauya. Na ce duk ku dakata. In aka hana ka abu a rubuce, ka karanta dalilin da aka rubuta, ka amsa shi shi kaɗai. Mutanen nan ba su ce ba a yi haɗari ba. Ba su ce inshorarta ta mutu ba, ba su ce direba ba shi da lasisi ba. Cewa suka yi ba su ga ɓarna ba. To sai a nemo ɓarnar a nuna musu.

Na sami Bappa Jalo yana bugun murfin wata mota. Tunda labarin ya iso masa ya daina zuwa majalisa.

"Bappa, sannu da aiki."

"Yawwa, Umaru. In zagina ka zo yi, an riga ka. Matata ta gama tun da safe."

"Ni ƙofa na zo nema. Ina tsohuwar?"

Ya ajiye guduma. "Wace tsohuwar?"

"Wadda tifa ta lotsa. Da bamba, da fitila, da madubi."

Fitilar tana cikin wata ganga da yake zuba tarkace. Madubin kuwa yana rataye a jikin darbejiya, da shi yake gyara gemu. Da na sake tambayar ƙofa da bamba sai ya fara sosa ƙeya.

"Suna wurin Adda."

"Goggo Dija? Me Goggo za ta yi da ƙofar mota?"

"Kai dai mu je. Amma kai za ka yi magana, ni ba ruwana."

Goggo Dija yayarsa ce, tsohuwa mai kiwon kaji a wani lungu a Shamaki. Muna shiga gidan na hango ƙofar. An kafa ta a bakin akurki tsakanin turaku biyu, an ɗaure da waya, an toshe tagar da raga. Bamban kuma yana kife a gefe an zuba dusa a ciki, awaki na ci. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan na faɗi abin da ya kawo mu.

Ta ce, "A'a."

"Goggo, aro ne."

"Umaru, tun da ƙofar nan ta shigo gidan nan muzuru bai ɗauki ko ɗan tsako ba. Dubi." Ta tashi ta ja hannun ƙofar, ta buɗe, ta mayar ta rufe garam. "Duk Shamaki wa ke da akurki mai hannu? Shi wannan," ta nuna Bappa da sanda, "tun yana yaro haka yake, ya ba ka abu da safe ya zo karɓa da yamma."

Bappa ya ce, "Adda, ni ban ce komai ba."

"Rufe mini baki. Kai ka jawo."

Na yi mata bayanin Mama Ifeoma, da motar da za ta rasa. Ta ce ai ta san burodin, shi take jiƙawa a shayi tunda haƙora suka tafi. Ta yarda, da sharaɗin in kawo wata ƙofar ta tsare kajin kafin tata ta dawo. Na aika aka ciro ƙofar wata matacciyar mota a bayan filina. Da aka kawo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ja? Kajina sun saba da fara." Haka dai aka ɗaura.

Da muka kwantar da ƙofar a garejin Bappa na haska tocila a bakinta ta ciki, na sami abin da nake nema. Duk motar da za ta bar filina, nakan sa mai zane ya rubuta lambarta a madubi da fitilu da bamba da cikin ƙofofi, saboda ɓarayin kayan mota. Lambar bas ɗin na nan a ƙarƙashin kashin kaji. Bappa ya ɗauko ruwa zai wanke ƙofar, na riƙe hannunsa. Na ce wankin da ya yi a baya ya isa. Ga shuɗin fentin tifa nan a cikin lotsawar, a bar shi.

Amsar kuwa, Mama Ifeoma ce ta rubuta ta da Turanci a kan teburina, ina faɗa da Hausa. Ba ta cika shafi ba. Ta so ta fara da tarihin wahalarta da tsadar fulawa, na ce cire, ba su tambaya ba. Ta so ta ce ba ta san an hana gyara ba, na ce kin sani, sun faɗa miki a waya, kuma su ma sun san sun faɗa. Ƙarya ɗaya in suka kama, sauran gaskiyar duk ta zube. Muka rubuta yadda abin ya faru: an kai mota ajiya, mai gareji ya gyara don kyautatawa ba da umarninta ba, duk kayan da suka lalace suna nan da lambar motar a jikinsu, ga rahoton 'yan sanda, mai gyaran a shirye yake ya yi bayani, muna roƙon a sake turo mai dubawa. Ta sa hannu. Muka yi kwafi, muka kai da kanmu, muka jira har aka buga hatimin karɓa a kan namu.

Sai jira. Nan ne mutane da yawa ke sakin abu. Alhaji Sale na Kumo ya ji ƙishin-ƙishin akwai bas, ya dinga kirana. Mai kayan mota ya fara bi ta ƙofar gidan burodi yana gaisuwa mai tsawo. Mama Ifeoma ta sake kawo makullin, na sake mayar mata. Duk mako nakan leƙa ofishin inshorar, in gaishe da kowa tun daga maigadi, in tambayi inda takardarmu ta kwana, in yi godiya in fito. Ban taɓa ɗaga murya ba. Sau ɗaya kawai na ambata, cikin fara'a, cewa na san akwai hukumar da ake kai ƙorafi sama da su, amma ban ga abin da zai kai mu can ba tunda ga mu ga su.

Wanda suka turo shi ne dai na farko, Mista Bitrus, dogon mutum mai tabarau. Ya tarar mun jera kayan a ƙasa kusa da motar. Ya tsuguna ya karanta lambar, ya gwada da ta jikin mota, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Alhaji, kai dillali ne, ni ma ba yau na fara ba. Lamba ana iya zana ta jiya. Lotsattsiyar ƙofa kuma ko'ina akwai."

Na ce, "Gaskiyarka. Me zai gamsar da kai?"

"A cire sabuwar a rataya wannan. In tifa ɗaya ce ta buge su, layin bugun zai wuce daga ƙofa zuwa ginshiƙin da ke bayanta."

Bappa ya zabura. "A cire? Ka san yadda na daidaita ƙofar nan? Da ɗan yatsa take rufuwa!"

Mama Ifeoma ta ce, "Bappa, don Allah."

Ya ɗauki sifana yana gunaguni da Fulatanci. Aka sauke sabuwar, aka ɗaga tsohuwar, kusoshi suka shiga raminsu ba gardama. Gashin kaza ya faɗo a kan takalmin Mista Bitrus. Ya shaƙi iska ya dube ni, na ce dogon labari ne.

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani abu naɗe a hankici. Mayen ƙarfe. Na zaro nawa na nuna masa, muka kwashe da dariya kamar 'yan gida ɗaya da suka haɗu a tasha. Ya bi ginshiƙin da nasa, daidai inda lotsawar ƙofar ta ƙare ya saki. Ya ce a kankare wurin.

Bappa ya rungume ginshiƙin. "Ɗana, ka ji tsoron Allah. Shafa nawa na yi wa wurin nan. Ko maigidan Umaru da ya dawo duniya sai ya duba sau biyu."

Mista Bitrus ya ce, "Baba, aikinka ne ya yi kyau da yawa. Da ka ɓata shi kaɗan, da tun zuwan farko na gani."

Wannan maganar ta yi wa Bappa daɗi har ya karɓi abin kankarar da kansa. Fenti ya tashi, fila ta zube, sai ga sawun gudumarsa a jikin ƙarfe, a miƙe da lotsawar ƙofar kamar an ja zare. A can ƙasa, cikin lungun da takardar gugarsa ba ta kai ba, ga ɗan shuɗin fenti irin na jikin ƙofar. Mista Bitrus ya ɗauki hotuna ta kowane gefe, ya sa Bappa ya faɗi abin da ya yi tun daga farko, ya rubuta.

Yana rufe jakarsa ya ce, "Ban yi alkawari ba, ni rahoto nake kaiwa. Ko sun biya, za su iya rage wani abu, don an karya ƙa'ida. Kuma in sun biya, tsofaffin kayan nan sun zama na kamfani."

"Na wa?"

Muka juya. Goggo Dija ce zaune a cikin keke mai ƙafa uku a bakin gareji. Ashe tun ɗazu ta zo gadin ƙofarta.

Ta ce, "Kai mai tabarau, zo nan. Kamfanin naku yana da kaji ne?"

Ya matsa ya rusuna ya gaishe ta. Aka ba shi labarin akurki. Ya cire tabarau yana share hawayen dariya, ya ce zai rubuta cewa kuɗin ɗaukar ƙofar zuwa ofis ya fi darajarta, wanda kuma gaskiya ne. Goggo ta ce Allah ya yi masa albarka, amma ba za ta bar wurin ba sai an ɗora mata ita a kan keken. Aka ɗora, har da bamban awaki. Bappa kuwa ya tsaya yana kallon ginshiƙin da ya kankare da hannunsa, ya ce da Mista Bitrus, "To yanzu in gyara, ko in jira ka sake dawowa?" Ya ce ya gyara. Bappa ya ce a'a, sai dai Mista Bitrus ya maimaita da ƙarfi kowa ya ji.

Sun biya. Sun rage wani kaso kamar yadda ya faɗa, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya zo ya sallami mai kayan mota, ya sayi fentin gyara na biyu. Bappa ya ƙi karɓar ladan hannu, Mama Ifeoma ta ƙi yarda, suka yi ta ja har aka tsaya a kan ta riƙa aika masa burodin safe.

Ranar da ta zo gaya mini, an yi dace Alhaji Sale na Kumo yana zaune a rumfata, ya gaji da waya ya zo da ƙafarsa. Sai ga farar bas ta shigo fili tana oda, Mama Ifeoma a gaba kusa da direba, ta leƙo da kai tana kiran "Alhaji! Alhaji! Sun saki!"

Alhaji Sale ya miƙe, ya gyara hula, ya fara zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta. Ya ce, "Umaru, ai ga ta nan. Ita ce wadda nake ji. Madam, nawa za ki bari?"

Ta sauko, ta zuge ƙofar baya, ƙamshi ya cika filin.

"Baba, mota kake so ko burodi? Burodi akwai."

Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya leƙa cikin motar ya daɗe, sannan ya ce a ba shi manya biyu, masu zafi.